Jirgin roba na haɗawa: tsohon yayi ko sabon fitowa?

Masu haɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi na roba a Agege da Idi-Araba na Legas ba su cika yawa ba, amma gardamarsu kan tsohon yayi da sabon fitowa ba ta ƙarewa. Tsohon Airfix, wani kamfanin Ingila mai yin irin waɗannan jirage, jirginsa mai sikelin 1/72 (wato tsawon jirgin gaske ya ninka nasa sau 72) ɓangarori kaɗan ne. Layukan jikinsa a kumbure suke, kujerar matuƙi kuwa wani ɗan dunƙulen roba ne kawai. Sai ka kankare ragowar roba da reza, ka cike gibi, ka goge da sanfefa. Tsofaffin tankokin Tamiya, wani kamfanin Japan, masu 1/35 ma an yi musu ciki da gurbin batir saboda inji.

Na yanzu da kwamfuta ake zana su, wani lokaci bayan an auna jirgin gaske da hasken lesa. Layuka a nutse, ƙusoshi a fili, ɓangarori suna shiga juna tsaf. Illarsa yawan ƙananan gutsattsari da tsada, ga dala, ga kuɗin kwastan.

Ni dai sabo nake ba mai koyo. Tsohon kwali, danshin Legas kan lalata takardar tambarinsa da ake jiƙawa a liƙa wa jirgin, tana shiga ruwa ta farfashe.