Google Maps ko Waze? Amsa ga mai tuƙi a Kano da hanyar Abuja

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa alheri a sabuwar motar, ya tsare hanya. Ka tambaye ni wace manhajar taswira ce ta fi dacewa ka riƙe a waya don nuna maka hanya, Google Maps ko Waze. Tunda zirga-zirgarka ta cikin Kano ce, sai jefi-jefi ka leƙa Abuja, tsakanin Google Maps da Waze ka riƙe Google Maps. Shi ne a wayata, da shi nake fita aiki kullum.

Duka biyun 'yan gida ɗaya ne. A Isra'ila aka ƙirƙiri Waze, Google ya saye shi a 2013 kan kuɗi wajen dala biliyan 1, ya bar shi yana tafiya da sunansa. Inda suka rabu shi ne hanyar da kowanne ke samun labarin titi. Waze da mutanensa yake aiki, wato direbobin da suka buɗe shi suna tafiya: wannan ya danna ya ce an yi hatsari, wancan ya ce akwai rami, wani ya ce mota ta mace a tsakiyar hanya. Kamar adashe ne, in masu zubi ba su da yawa kwasar ba ta auki. A manyan biranen Turai da Amurka masu zubin sun cika, shi ya sa ake yabonsa a can. Amma ka tsaya a Kurna bayan la'asar ka dubi 'yan adaidaita da direbobin bas, wane ne a cikinsu yake danna waya yana aika rahoton rami? Google Maps kuwa ba ya jiran kowa ya danna komai. Wayoyin da ke aljihun direba da fasinja, muddin an bar musu damar nuna inda suke, suna gaya masa saurin tafiyar motoci. In ya ga tarin wayoyi sun cushe a wuri guda suna jan ciki, sai ya shafa wa titin ja. In ana tafiya sama-sama ya sa ruwan goro, in hanya a sake take ya sa kore. Kano kuwa cike take da wayoyin Android, don haka launin nan yakan yi daidai da abin da za ka tarar.

Amfaninsa na kullum a wurina ke nan. Ni ɗan gari ne, ba wanda zai nuna min hanyar Yankaba daga Na'ibawa. Abin da ban sani ba kafin in tada mota shi ne ko in ratsa ta Dangi in shiga gari, ko in zaga ta Eastern Bypass in ɓullo Hotoro. Sai in buɗe, in dubi launi, in zaɓa. Haka a Abuja, in ka kwana a Mararaba kana son shiga gari da safe, zai nuna maka inda jan ya faro tun daga Nyanya har zuwa AYA, ka san ko ka fita da asuba ko ka zauna ka karya kumallo tukuna.

Ranar da ya shiga raina sosai ita ce ranar kai amarya. 'Yar yayata aka aurar, gidan ango a Gwarinpa, ni aka ɗora wa jan ayarin motoci daga Kano. Ka san yadda kai amarya yake, ba a tashi a kan lokaci, sai da magariba ta kawo jiki muka wuce Zuba. Gwarinpa kuwa da dare ko ɗan Abuja yana ruɗewa, layuka iri ɗaya, katangu iri ɗaya, ga masu gadi a bakin kowane layi. Ango ya turo min alamar ƙofar gidansa ta WhatsApp, na danna, wayar ta kama hanya. A bayan motata gwaggonnin amarya ne, ɗaya riƙe da kwanon turaren wuta a cinya, amarya a tsakiya ta lulluɓe tana kuka ƙasa-ƙasa. Duk lokacin da muryar ta ce a yi dama ko hagu, sai in kunna sigina da wuri don na baya su gani su biyo. Can babbar gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, wannan yarinyar ta cikin waya 'yar garin nan ce?" Aka kwashe da dariya, har kukan amarya ya tsaya. A bakin get ɗin gidan muka tsaya cak, ba mu kira kowa ya fito tarbarmu a titi ba, ba motar da ta ɓace a ayarin. A Abuja tituna suna da suna da lamba, su Aminu Kano Crescent, su Ahmadu Bello Way, kuma kusan kowane asibiti da otal da gidan mai yana cikin taswirar. A garin da ba naka ba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban dalilin da ya fi duk waɗannan shi ne Google Maps yana aiki ko babu sabis. Mutane da yawa suna zaton data ce ke nuna wa waya inda take. Ba haka ba ne. Wayar tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS ne kai tsaye, in ta kama huɗu ta san inda kake, ko babu layi a cikinta. Data aikinta shi ne jawo hoton taswirar da labarin cunkoso. To Google Maps yana ba ka damar sauke taswirar ka ajiye. Ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga inda aka rubuta Offline maps, ka ja akwatin ya rufe Kano da kewayenta, ka sauke. Ka sake yin wani na Zariya da Kaduna, da wani na Abuja. Daga nan ko sabis ya ɗauke a tsakanin Kaduna da Tafa, muryar za ta ci gaba da yi maka jagora, launin cunkoso ne kawai ba za ka gani ba. Kada ka ɗauka wannan shiri ne na masu tsoro. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka ƙara da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Wanda taswirarsa ke cikin waya bai rasa hanya ba a lokacin. Waze ba shi da wannan tsari na sauke yanki ka adana, da intanet aka gina shi ya rayu.

Abu ɗaya zan yaba wa Waze, yana barin mutum ya naɗi muryarsa, don haka kana iya zama ka ɗauki "yi dama", "yi hagu", "miƙe" da Hausa, ya riƙa faɗa maka da bakinka. In za ka saka wa dattijon da ba ya jin Turanci, wannan zai yi amfani. Bayan wannan ban ga abin da zai tsare ni a kansa ba a garin nan, musamman da yake shi ma Google Maps yanzu yana karɓar rahoton hatsari da rufe hanya. Shi Google ɗin a 2019 ya ƙara muryar Turanci irin ta 'yan Najeriya, da tsarin hanya na masu babur, wanda 'yan acaba da masu kai saƙo ke mora.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don ya shafi kowace manhaja ba ɗaya ba. Taswira lissafin nisa da mintuna take yi, ba ta san gari ba. Cikin badala, wajen Kurmi da Jakara da Mandawari, akwai lungunan da a waya za ka gan su layi ne sak, amma a ƙasa ɗan adaidaita ma sai ya yi dabara, ga kwata, ga dakali, ga mai tallan da ya baza kaya. In ka ga an karkata da kai daga kwalta zuwa lungu don a rage maka minti biyu, ka ƙi, ka miƙe, za ta sake lissafi da kanta. Ba ta san ranar Juma'a sahu yana fitowa har kan titi a gaban manyan masallatai ba. Ba ta san Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa ba. In aka mayar da titi hannu ɗaya jiya, ba lallai labarin ya kai gare ta yau ba, kuma ɗan KAROTA, jami'in kula da zirga-zirgar motoci a Kano, ba zai karɓi uzurin "waya ce ta ce in shiga" ba, da gaskiyarsa. Allon da ke bakin titi ya fi muryar waya iko.

A doguwar hanya kuwa maganar ta wuce tara, ta koma ta rai. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kilomita wajen 375, tun 2018 aka soma aikin sake gina ta, kuma in ana aiki akan haɗe motoci a hannu ɗaya ko a karkatar da su. A irin wannan wuri manhaja tana iya hango wata hanyar daji ta ce ta fi sauri. Kada ka bi. Ba ta san inda masu garkuwa ke tare hanya ba, ba ta san abin da ya sa direbobin haya suka daɗe suna kaffa-kaffa da hanyar Birnin Gwari ba, ba ta san wace hanya ce ba a bin ta bayan la'asar ba. Wannan ilimin yana tasha. Kafin ka kama hanyar da ba ka saba ba, ka tsaya a Unguwa Uku ko Na'ibawa, ka gaida 'yan kamasho, ka tambayi direban da ya iso da safen nan yadda ya baro hanya. Matambayi ba ya ɓata. Ka tsaya a kan babbar hanya, ka bi ayarin motoci, ka yi tafiyarka da rana.

Sauran manhajojin a taƙaice. In iPhone ke hannunka, Apple Maps yana ciki tun daga kamfani, amma ka sauke Google Maps ka ƙara, shagunanmu da unguwanninmu sun fi yawa a cikinsa. In kana ƙetara iyaka, Jibiya zuwa Maraɗi ko Kongolam zuwa Damagaram, inda layinka zai daina aiki, ka ajiye HERE WeGo ko Organic Maps a gefe. Na farkon shi ne tsohuwar taswirar Nokia, wadda kamfanonin motocin Jamus, Audi da BMW da Daimler, suka saya a 2015. Na biyun yana amfani da taswirar OpenStreetMap da 'yan sa kai ke zanawa. Dukansu suna barin ka ka sauke ƙasa ko babban yanki lokaci guda.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, don duk mai sabuwar mota sai an tare shi da wannan. In motarka 'yar Kwatano ce, allon da ta zo da shi taswirar Amurka ko Turai ce a ciki, ba za ta amfane ka a Kano ba. Daga nan ne za a ce maka a cire shi a saka allon Android. Na saka irinsa a motata, kuma kuɗin nan har yau yana min ciwo. A wani shago aka rantse min ƙwaƙwalwarsa giga 4 ce, ma'ajiyarsa 64, aka buɗe saitin aka nuna min lambobin da idona. Ashe rubutun ne aka gyara, abin da ke ciki bai kai rabin haka ba. Da ka buɗe taswira ka kunna karatu, sai ya daskare. Ka wuce kwana, sannan muryar ta ce ka yi kwana. Da mai wayarin ɗina ya buɗe bayan allon, sai ga 'yar eriyar GPS ɗin, baƙa mai kusurwa huɗu, an cusa ta ƙarƙashin ƙarfe inda ba ta ganin sama, ga wayoyin motar an yanyanke an naɗe da salatif maimakon a sa soket ɗin da ya dace. Na koma shagon, aka ce kaya in ya fita ba ya dawowa.

In har sai ka saya, kada ka yarda da lambar da ke cikin saiti. Ka sa a haɗa shi da wuta a gabanka, a buɗe taswira, a kunna sauti, a shiga kyamarar baya a fito, ka ga ko yana sheƙa. Ka sa a rubuta ƙarfinsa a rasit, da sharaɗin dawowa in ya saɓa. Ka tafi da mai wayarin ɗinka, ba nasu ba. Sannan akwai masu cewa ka biya su saka maka "taswirar Najeriya ta dindindin", ko su yi maka rajista. Google Maps kyauta ne, Waze kyauta ne, babu rajistar da ake biya wa kowa ko sisi. Kafin ma ka kai ga wannan, ka duba ko allon motarka yana da Android Auto ko Apple CarPlay. Yawancin motocin da aka ƙera a 'yan shekarun nan suna da shi. In akwai, igiyar caji mai kyau kawai kake buƙata, taswirar wayarka za ta hau kan allon.

In babu, kuɗin allon ka zuba mai da shi. Ka sayi mariƙin waya mai ƙarfi, irin wanda ake maƙalawa a bakin iskar AC, ba na jikin gilashi ba, don ranar Maris da Afrilu tana dafa waya har ta rage haske ta daina caji. Ka haɗa da cajar mota ta kirki, saboda taswira tana shan batir. Ka saita inda za ka tun motar tana tsaye, ka ɗaga murya ka bar hannunka a sitiyari, don danna waya ana tuƙi laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗurra, kuma a titin Zariya daƙiƙa ɗaya ta isa ɗan adaidaita ya faɗo gabanka. Daren da za ka tashi zuwa Abuja ka buɗe Offline maps ka sabunta taswirorin uku, don sukan tsufa in an daɗe ba a taɓa su ba.