Rauta ta biyu bayan modem: ƙofar WAN ko ƙofar LAN?

Alhaji, ka ce modem ɗin da kamfani ya ba ka yana falo a gidanka na Garwa, waifai ba ya kaiwa sashen iyali, ka sayo rautar TP-Link, wato na'urar da ke watsa waifai, kana tambaya a wace ƙofarta za ka soka wayar da ta taho daga modem: WAN, ƙofar da aka ware don shigowar intanet, ko LAN, ƙofofin haɗa na'urorin gida. Hanya biyu ce, kuma kowacce da halinta.

Idan ka soka a WAN, rautar ta zama mai gida a ɓangarenta, ita ke raba wa wayoyi lambobin IP, wato adireshin da ake gane kowace na'ura da shi. Sharaɗin shi ne lambarta ta bambanta da ta modem: in modem yana 192.168.1.1, ita ta zauna a 192.168.0.1. In suka yi karo, intanet ba zai wuce ba. In sun bambanta kuwa, WhatsApp da YouTube za su yi aiki lafiya lau. Sai dai gidan ya rabu biyu ke nan. Kwamfutar da ke kan modem ba za ta ga firintar da ke bayan rauta ba, kuma duk ƙofar da kake son buɗe wa kyamarar tsaro a cikin saiti, don ka kalle ta daga waje, sai ka buɗe ta sau biyu, a modem da a rauta.

Wannan rabuwar wani lokaci alheri ce. Na bayan rauta suna iya kaiwa ga na kan modem, amma na kan modem ba sa kaiwa gare su. Saboda haka in kana ba yaran shagon ƙofar gida waifai, su ka bari a kan modem, iyali su koma bayan rauta. Da yawa suna juya abin.

Idan kuwa ka soka a LAN, rautar ta zama 'yar aike kawai. Ka shiga saitinta ka kashe DHCP, wato aikin raba lambobin IP, tunda modem yana yin sa, ka ba ta 192.168.1.2, ko wata lambar da modem ba ya rabawa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In ka manta DHCP a kunne, za ka ga waya ta kama waifai amma shafi ya ƙi buɗewa. Sabbin TP-Link suna da zaɓin Access Point da ke yi maka wannan aikin. Ka sa sunan waifai da kalmar sirri iri ɗaya da na modem, ɗaya a tashar waifai ta 1, ɗayar a ta 6 ko 11, don kada su danne juna.

Ni dai, tunda nisa ne kawai damuwarka, LAN nake ba ka shawara.

In modem ɗin na sim ne, na 4G, kada ka wahalar da kanka da buɗe ƙofofin kyamara. Galibi kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a kan lambar IP ta waje guda, sai ka bi ta manhajar kyamarar.

Wayar da za ta haɗa modem da rauta kuma, Allah ya ja zamaninka, kada a yi mata rowa. Ka nemi irin da ake kira Cat5e ko Cat6, kada tsawonta ya wuce mita 100, kuma a zura ta cikin bututu inda za ta ratsa tsakar gida, don ranar Maris da Afrilu tana busar da robar har ta tsattsage. Haɗa su ta iska ba tare da waya ba yana yiwuwa, amma gudun kan ragu kusan rabi, katangar siminti kuma ta cinye saura.