Fim ɗin 'yan badujalar makaranta: na je kallon fim, na ɓige da kallon 'yan kallo

Jama'a barkanmu da war haka. Tun ranar Asabar nake son in rubuta wannan amma aiki ya hana. Autata ce ta sa ni gaba, sati biyu cur tana bina da "Abba don Allah mu je, Abba sau ɗaya fa za a nuna shi a silima", har dai na gaji na sayi tikiti biyu, dala 12 kowanne. Fim ne na gaskiya ba wasan kwaikwayo ba, an bi 'yan badujalar wata makarantar sakandare a wani ƙaramin gari nan jihar Texas da kyamara, tun daga atisayen watan Agusta har zuwa gasar ƙarshen kaka. Awa ɗaya da rabi ne ko ya ɗan fi.

In faɗi gaskiya tun farko, ni ban taɓa ɗaukar wannan harka da muhimmanci ba. Shekara biyu ke nan yarinyar nan tana busa kilarinet a ƙungiyar makarantarsu, ni dai nawa in biya kuɗi in kai ta in ɗauko ta, a raina kuwa ina cewa wasan yara ne, in ta girma za ta daina. Ga wanda bai san abin ba, a Amurka da wuya ka ga babbar sakandaren da ba ta da 'yan badujala. Daren Juma'a ake buga ƙwallon nan tasu ta Amurka mai kama da kokawa, to in an tafi hutun rabin lokaci sai yara sama da ɗari su shigo fili da yunifom da hula mai gashin tsuntsu, suna busa suna kiɗa suna maci, kuma suna jera jikinsu su zana siffofi a filin, na kan benci can sama ne ke ganin zanen sosai. A Texas hukumar UIL, mai kula da gasannin makarantun jihar, ita ce ke shirya gasar, alƙalai su ba da maki daga 1 zuwa 5, 1 shi ne mafi kyau, sai ka samu 1 a matakin farko kafin ka wuce gaba, waɗanda suka yi zarra kuma su je San Antonio, babban filin Alamodome, a watan Nuwamba.

To mun shiga zaure ya cika maƙil, kuma da ganin mutanen ka san yawancinsu 'yan gida ne, wasu tsofaffi har da rigunan makarantarsu da suka kode. Kusa da ni wata dattijuwa ce, gashi fari fat, da sandarta. Ana fara fim ba a nuna fuskar kowa ba, allo baƙi ƙirin, sai wata ƙara kawai, ƙas ƙas ƙas ƙas, irin ta na'urar da ke ƙirga musu bugun kiɗa ta lasifika lokacin atisaye. Wallahi zauren gaba ɗaya sai ya ɗau nishi da dariya a tare, kamar an taɓa musu tsohon miki. Na juya na kalli Auta, ita ma ta rufe fuska tana dariya. Ni kaɗai ne ban gane abin dariyar ba. Ashe wannan ƙarar ita ce suke kwana da ita suke tashi da ita, har a mafarki.

Daga nan ne na fara raba ido biyu, ɗaya kan allo ɗaya kan jama'a. Dattijuwar nan duk lokacin da ganguna suka tashi sai in ga ƙafarta ta hagu tana buga ƙasa, hagu dama hagu dama, ba ta ma san tana yi ba. Da na leƙa layin gabanmu haka, layin baya haka. Auta ta raɗa mini wai doka ce, da hagu ake fara taku, wanda ya yi shekara huɗu a ciki har ya mutu jikinsa ba ya mantawa. Sai kuma wurin da malamin kiɗan, yana tsaye can saman hasumiyar ƙarfe da lasifika a hannu, ya ce wa yaran "sau ɗaya kawai ya rage mu maimaita sai a tashi". Kai! Ihun da aka yi a zauren nan sai ka ce an ci ƙwallo. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ƙarya ne. Kuma ƙaryar ce, don masu fim ɗin sun saka lamba a gefen allo suna ƙirgawa, aka yi ta maimaitawa har rana ta faɗi.

Rabin farko na fim ɗin shi ne ya biya ni kuɗina. Sun zauna sosai a kan atisayen Agusta, kuma duk wanda ya san Texas ya san zafin Agusta ba wasa ba ne, ma'auni kan haura 100 a lissafinsu, wajen 38 ke nan a namu lissafin na salshiyos, ga shi ba a kan ciyawa suke yi ba, a filin ajiye motoci ne da aka zana wa layuka da fenti, kwalta tana turiri. A nan na fahimci lissafin da ke cikin abin. Filin ƙwallon yadi 100 ne, da layi a kowane yadi 5, su kuma an koya musu taku 8 daidai tsakanin layi da layi, wato kowane taku inci 22 da rabi, ba ƙari ba ragi, ko kai dogo ne ko gajere. Kowane yaro yana da ɗan littafi rataye a wuya, an rubuta masa inda zai tsaya a kowace gaɓa ta kiɗan, taku kaza daga layi kaza. Akwai wani yaro ɗan shekarar farko, ɗan firit da shi, aka ɗora masa wannan ƙaton abin busan da ke naɗe mutum kamar mesa, bakinsa a buɗe sama da kai, wanda suke kira susafon, sunan John Philip Sousa aka sa masa, mutumin da ya jagoranci badujalar sojojin Marin na Amurka daga 1880 zuwa 1892. Kyamara ta matso kan kafaɗarsa ta hagu da ya cire riga, wurin ya yi jawur ya saɓule, ya ninke tawul ya ɗora ya sake saɓa abin. Ba a ce komai ba, ba a sa wani kiɗan tausayi ba, sun bar mu da numfashinsa kawai. A zauren ma tsit, sai wani bawan Allah mai ƙiba a gabana da na ga ya kai hannu ya shafa tasa kafaɗar.

Wani abin da ya burge ni kuma, bayanin dalilin da ya sa ba a yarda yaro ya bi kunnensa a fili. Sauti yana tafiyar mita 340 da 'yan kai a daƙiƙa, fili kuma ya haura mita 90, to in na wannan gefe ya jira ya ji gangar wancan gefe kafin ya busa, ya riga ya makara da kusan rubu'in daƙiƙa, kiɗa ya watse ke nan. Shi ya sa ake ɗora ɗaliba ko ɗalibi kan dandamali da farar safar hannu yana kaɗa hannu, kowa hannun zai kalla. Sun nuna yadda abin ke wargajewa in an saɓa, gefe ɗaya na gaba gefe ɗaya na baya kamar ana jayayya. Na daɗe ina ganin yaran nan masu farar safa ina zaton ado ne.

Amma fa fim ɗin yana da nasa. Na farko, kuma wannan ya ba ni haushi ƙwarai, daga farko har ƙarshe ba su taɓa barinmu mun ga wasan cikakke ba. Wasan duka bai kai minti goma ba, yaran sun yi wata uku suna gina shi, amma ranar gasa sai aka yi ta yanka shi gunduwa-gunduwa, a nuna fuskar uwa tana hawaye, a nuna alƙali yana magana cikin rikoda, a nuna malami yana cizon yatsa, sannan abin takaici aka danne busan yaran da wani kiɗan fiyano mai sanyi wai don a sa mu kuka. Haba. Fim a kan makaɗa, a ranar da suka fi iya kiɗansu, sai ka rufe musu baki? Dattijuwar kusa da ni tsaki ta yi, da ƙarfi kuwa. Kuma hoton sama, wanda shi ne kawai zai nuna maka zanen da suke yi, sau biyu ko uku na gani. Jawabin malamin kiɗan kuwa ya yi yawa, mutumin kirki ne da alama amma duk bayan minti goma sai ya tara yara ya yi musu huɗuba, daga ta uku na fara duba agogo.

Silimar ma ba ta kyauta ba. Lasifikar ɓangaren dama tana karkarwa duk lokacin da manyan ganguna suka buga, har wani ya fita ya yi magana, aka ce za a duba, ba a duba ba. Kujeru dai masu daɗi ne, wurin da tsafta.

Babban ƙorafina shi ne zancen kuɗi, kuma ashe ba ni kaɗai ba ne. Bayan an gama aka kunna fitila, daraktan fim ɗin ya fito amsa tambayoyi, mutum biyu na farko yabo kawai suka yi, ɗaya har muryarsa na rawa yana cewa ɗakin 'yan badujala ne kaɗai wurin da yake da abokai lokacin yana makaranta, aka tafa masa sosai. Sai wata mata ta miƙe, da ganinta daga aiki take, da kayan asibiti a jikinta, ta ce ita tambayarta ɗaya ce, a wasan ƙarshe an nuna wata makarantar birni ta shigo da manyan tireloli da kayan ado na fili da sabbin kayan busa suna walƙiya, yaran fim ɗin kuma wani ƙahonsu da salatif aka ɗaure shi, me ya sa ba a ce uffan a kan wannan ba? Zauren ya rabu biyu nan take, wasu na tafi wasu na gunaguni. Darakta ya ce shi labarin yara ya zo bayarwa ba siyasa ba. Ni dai amsar ba ta gamsar da ni ba, don wanda ke biya ya san ba siyasa ba ce, aljihu ne. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati a ƙasar nan daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, sannan abin da makaranta ba ta ɗauka ba iyaye ne ke ɗauka, kuɗin shiga, takalmi, safar hannu, abincin tafiya, gyaran abin busa, ita kilarinet ɗin Auta ma akwai wani ɗan siririn itace da ake sa mata a baki wanda kullum cikin sayen kwalinsa nake. Unguwar masu hali ƙungiyar iyayensu za ta tara abin da za a ɗauko ƙwararren mai tsara wasa, unguwar talakawa kuma sai wankin mota da sayar da alewa. UIL ta ƙayyade atisaye kada ya wuce awa 8 a sati bayan lokacin aji idan an koma makaranta, wato an daidaita lokaci, amma ba wanda ya daidaita kuɗi. Fim ɗin ya nuna iyaye na tura manyan kayan kiɗa masu taya zuwa bakin fili da gudu, ya nuna su suna wankin mota, amma a matsayin abin sha'awa, minti ɗaya an wuce. Inda ya tsaya ya tambayi uwa ɗaya nawa ta kashe a bana, da ya fi huɗubar malam biyu amfani.

Wani mutum kuma ya tashi, ƙato, ya ce shi ƙwallo ya buga a zamaninsa, kuma shekara huɗu yana cikin ɗakin canja kaya duk lokacin da ake wannan wasa, bai taɓa gani ba sai yau, ya ce ya zo ne ya ba da haƙuri kan tsokanar da ya yi wa 'yan ajinsu. Dariya aka yi, dattijuwar nan ta ɗaga sandarta ta nuna shi ta ce an yafe amma ya makara.

Ba zan faɗi ko yaran sun kai San Antonio ba, kada in ɓata wa wanda zai kalla. Abin da zan ce kawai, wurin da ake karanto sakamako ta lasifika, yaran sun jeru sun riƙe hannun juna, Auta ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga, alhali ba makarantarsu ba ce, ba ta san ko mutum ɗaya a cikinsu ba.

In za a ba ni maki biyar in raba, uku da rabi zan ba shi, rabin farko ya ci biyar, ranar gasa da fiyanon nan suka ja shi ƙasa. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke cikin harkar ya je ya gani, kuma in da hali a gani cikin jama'a, don in a waya ka kalla kai kaɗai a ɗaki rabin daɗin ya tafi, ba za ka ji nishin nan na farko ba, ba za ka ga ƙafafu na buga ƙasa ba. In kuma silima ce a nemi kujerar tsakiya, nesa da lasifika. Yara ƙanana za su gaji, ba nasu ba ne.

A mota muna komawa na ce Auta nuna mini ɗan littafin nan naki, ashe kullum yana cikin jakarta, duk ya yi laushi da gumi, shafi bayan shafi lambobi ne da rubutun fensir. Na tambaye ta ita ina take tsayawa a farkon wasansu, ta ce kusa da layin yadi 35 ta hagu, shekara biyu ina zuwa ina kallon ɓangaren da ba ta nan. Ta ce Abba ana neman iyayen da za su tura kaya ranar Juma'a, mutum biyu sun janye. Na ce sai na duba aiki tukuna. Kafin mu isa gida ta riga ta sa sunana ta waya, wai ƙarfe biyar ake haɗuwa a bayan ɗakin kiɗa, kuma kada in zo da takalmi mai santsi.