Takalmin sefti mai lambar S3: ya ci kuɗinsa, amma yana da iyaka

Leburan da ke lodin yashi a Wudil ko aikin kwalbati a ƙauyukan Gaya yawanci da silifas suke shiga wurin aiki. Ga mai son sayen takalmin sefti a kasuwannin Kano, shawararmu ita ce ya ɗaga harshen takalmin ya nemi rubutun EN ISO 20345, wato ma'aunin ingancin takalmin sefti na ƙasa da ƙasa, da lambar S3 mai nuna matakin kariyarsa. Idan babu, a ajiye shi.

Ƙarfen da ke bakin yatsu an gwada shi da bugun kilo 20 daga tsayin kusan mita ɗaya, kuma yana jure dannin kusan tan ɗaya da rabi. Wato in bulo ya suɓuce daga hannu, yatsu za su tsira. Abin da ya fifita S3 kan S1, matakin da ke ƙasa da shi, shi ne farantin da ke cikin tafin, mai hana ƙusar katakon dakin ko guntun rodi huda ƙafa, ga shi ba ya saurin shan ruwa da damina. Wasu masu saye na manna maganaɗisu don gane na gaske. Wannan gwajin bai isa ba, domin akwai ingantattu da ba ƙarfe ne a bakinsu ba.

A yi hattara da na gwanjo. Tafinsa kan ruɓe idan ya daɗe a ajiye, sai ka ga sabo fes a ido, ana fara aiki ya soma marmashewa. A lanƙwasa shi da hannu biyu a gaban mai kaya. In ya nuna tsaga, babu ciniki. Kuma bakin da ya taɓa shan bugu mai ƙarfi ya gama aiki.

Takalmin sefti yana da zafi a watan Afrilu, ba ƙarya, sai da safar auduga mai kauri. Bai dace da ranar zuba kankare ba, don jiƙaƙƙen siminti in ya shiga ta wuya yana ƙona fata. Wannan aikin takalmin roba mai dogon wuya ne.

Kada kuma wani ya ɗauka zai kare shi daga sarƙar katafila mai tan 20 ko tayar tifa mai ja da baya. A nan tazara ce magani: in ba ka hango direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.