WhatsApp ko Mastodon: amsar tambayar Hajiya kan sauya wa zaurenmu gida

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kin tambaya ko ya dace mu kwashe wannan zaure na mazauna Makka da Jidda daga WhatsApp mu koma Mastodon, tunda mun kusa cika mutum 1024 da aka ƙayyade wa zaure guda, ga 'yan talla da masu turo jita-jita sun hana mu sakat, kuma ɗanki da ke karatu a Madina ya ce miki a can babu kamfanin da ke juya kowa. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo miki.

WhatsApp na kamfanin Meta ne, masu Facebook da Instagram, waɗanda suka saye shi a 2014. Komai a hannu ɗaya yake. Shi ya sa ranar 4 ga Oktoba 2021, da na'urorinsu suka sami matsala, duka ukun suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Mastodon kuwa manhaja ce ta kyauta da Eugen Rochko ya fitar a Jamus a 2016. Duk wanda ya ga dama yana iya ɗora ta a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi dare da rana, ya buɗe nasa gidan, ya kafa nasa dokokin. Irin waɗannan gidaje dubbai ne, kuma suna gaisawa da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub wadda aka tabbatar a 2018, kamar dai yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa. Jama'a sun yi tururuwa zuwa can bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022. Mu da muka ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mun san amfanin haka: in an toshe gida ɗaya, sauran suna nan.

To a WhatsApp mu 'yan haya ne. Mai gida ke da doka, amma in famfo ya fashe shi ke gyara. A Mastodon gidanka ne, babu mai korarka, kuma babu mai biya maka kuɗin wuta.

Kafin a je ga iko, Hajiya, a duba me muke yi a zauren nan. Sanarwar rasuwa da lokacin da za a yi sallar gawa a Harami. Wa zai sauka Kano a makon nan a ba shi saƙo. Yadda ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Wata ta sami saɓani da kafilinta, wato wanda ya tsaya mata a takardun zama, tana neman shawara. Rabin wannan kuma da saƙon murya ake yinsa, domin iyayenmu na Sharar Mansur da Jarwal da yawansu danna waya su yi magana ya fi musu sauƙi a kan rubutu. WhatsApp don irin wannan aka yi shi: ɗaki ne mai ƙofa. Mastodon kuma ɗan'uwan Twitter ne, wanda yanzu ake kira X, fili ne a buɗe, rubutu gajere da bai wuce harafi 500 ba a yawancin gidaje, mutum ya bi ka, ka bi shi. Ba shi da rufaffen zaure irin namu. Kana iya taƙaita rubutu ga mabiyanka kaɗai, ko ga waɗanda ka ambata, amma wannan ba zaure ba ne.

Kuma saƙon da ka aika wa mutum ɗaya a Mastodon ba a kulle yake ba. Mai riƙe da gidanku yana iya karanta shi in ya so, haka ma mai gidan wanda ka aika wa. A WhatsApp tun 2016 saƙo a kulle yake daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, ko da yake wannan kullen ba ya hana ɗan zaure ɗaukar hoton hira ya kai inda ba a aike shi ba. Inda Mastodon ya yi zarra shi ne lambar waya. Da imel ake rajista. A nan kuwa kowa na ganin lambar kowa, kuma matan zauren nan sun fi ni sanin irin sallamar tsakar dare da hakan ke jawowa.

Sai babbar magana, wato tsawatarwa, tunda ita ce ta tayar da zancen.

Admin a WhatsApp kayan aikinsa kaɗan ne: ya tantance mai shiga, ya goge saƙo ga kowa, ya kulle zaure ya zama admin kaɗai ke magana, ko ya cire mutum. Shi ke nan. Amma mutanen da yake kula da su ƙidayayyu ne, kuma ya san yawancinsu, ko ya san wanda ya kawo su. In abu ya yi tsami, a kira dattijo ya sasanta bayan Isha'i.

Mai kula da gida a Mastodon ya fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba. Akwai wurin da ƙararraki ke taruwa, yana iya yi wa mutum gargaɗi, ya rage masa murya ta yadda sai mabiyansa ne za su gan shi, ko ya dakatar da shi ɗungurungum. Yana ma iya yanke hulɗa da wani gida sukutum. An ga haka a 2019, lokacin da shafin Gab na masu tsattsauran ra'ayi a Amurka ya koma amfani da manhajar Mastodon, gidaje da dama suka toshe shi. Sai dai kayan aikin sun yi yawa ne saboda aikin ya yi yawa. Ba 'yan gidanka kaɗai kake gadi ba, duk wanda ke wani gida a ko'ina a duniya yana iya jefo wa ɗan gidanka zagi ko hoton batsa, kuma kai za ka buɗe ka gani da idonka kafin ka toshe. In ka yi sakaci naka mutanen suka addabi wasu, su ma su toshe gidanku gaba ɗaya, laifin mutum ɗaya ya shafi kowa. Ga kuɗin hayar uwar garke duk wata, da kuɗin sunan shafi duk shekara, da sabunta manhaja, da ajiyar kwafin bayanai. Ma'ajiya kuma cika take yi, domin gidanka na adana hotunan da ke shigowa daga wasu gidaje.

Wani zai ce to mu shiga gidan da wasu suka riga suka gina mana. Ana iya yi. Amma ranar da wani ya yi wa wata habaici da Hausa, ko gugar zana da Larabcin Makka, aka kai ƙara gaban ɗan sa-kai a Jamus, me zai gane? Na'urar fassara za ta nuna masa magana lafiya lau, alhali an gama ci wa mutum mutunci.

Kada kuma mu manta inda muke zaune. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya da tarar da za ta kai riyal 500,000 kan ɓata suna, da ɗaurin da zai kai shekara biyar da tarar da za ta kai riyal miliyan 3 kan abin da ya taɓa zaman lafiya ko darajar addini ko tarbiyya. Kowace shekara kuma, da Shawwal ya kama, masu tallar Hajji ba tasrihi, wato ba takardar izini, ke faɗowa zaure, alhali a Hajjin 2025 tarar mai yi ba izini ta kai riyal 20,000, ta mai jigilarsu ko ba su masauki har 100,000. A nan admin ya goge tallar, ya cire mai ita. A Mastodon tallar tana fili kowa na gani, ƙila ma ta riga ta bazu zuwa wasu gidaje kafin ka farka, a shafin da aka yi rajistarsa da sunan ɗayanmu. Wa a cikinmu, da iƙamarsa a aljihu, zai ba da sunansa?

Gida kuma yana iya mutuwa in mai shi ya gaji. Shi ya sa gidajen da Mastodon ke tallatawa a shafinsa sai sun yi alkawarin ba da sanarwar wata uku kafin rufewa, da samun mutum na biyu mai riƙe da makulli. In ka yi ƙaura mabiyanka na bin ka, tsofaffin rubuce-rubucenka kuwa ba sa bi.

Ra'ayina, Hajiya, mu zauna inda muke. Matsalar cikowa tana da magani a nan: tun 2022 WhatsApp ya fito da tsarin Communities mai haɗa zauruka da yawa a inuwa ɗaya. A ware na sanarwa wanda admin kaɗai ke magana, na kasuwanci inda 'yan talla za su baje kolinsu, na mata da admin mata, a kuma daina karɓar wanda babu mai tsaya masa. Shi kuma yaron, a bar shi ya buɗe mana asusu a wani gida da ke tsaye, ya riƙa sa abin da dama na fili ne, kamar lokutan darussa da sanarwar ofishin jakadanci. In ɗalibai sun taru a can har suka sami mutum biyu masu iya riƙe uwar garke da uku masu raba duban ƙararraki, sai su kawo mana lissafin kuɗin wata a zaman admin mu duba.