Shagon Tanti na haɗa dosiye a Sabon Gari

Ƴan uwana mata da kuka gama lisans a Jami'ar André Salifou, in za ku haɗa dosiyen neman aiki, ku nemi shagon wata baiwar Allah a Sabon Gari, nan Damagaram, wadda muke ce wa Tanti. Bugun CV da wasiƙar neman aiki jika ɗaya ne, fotokopi dala biyar. Tana duba miki takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, ta tuna miki cewa kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke miki hukunci, wata 3 kawai yake yi, kar ki kai matacce. In ba ki da katin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, sai ta kora ki ki yo shi.

Amma ba wannan ya sa nake yaba ta ba. Wasu shagunan, da kin shiga da hijabi sai a buga miki wasiƙar sakatariya ko ta malamar kwantaragi, ba a ma tambaye ki me kika karanta ba. Ni lissafin kuɗi na karanta, aji ɗaya da samarin da yau suke ƙungiyoyin agaji. Su suna da babur da lasin tuƙi, suna kwana ƙauye ba mai cewa uffan, kuma labarin aiki a fada yake fara fitowa, wurin shan shayi, inda mu ba ma zama. Wata ƙungiya da ta kira ni ganawa, tambayarta ta farko ita ce yaushe zan yi aure. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Tanti ta san duk wannan. Sanarwar aiki in ta fito, ko ta matatar mai ta SORAZ ce, tana tura wa mata ta WhatsApp kafin ta liƙa a bango. Ta ce mini: “Ɗiyata, rubuta cewa za ki iya fita karkara, ki je ki koyi babur.” Ita ta sa na zuba shekara 2 da na yi a sabis sibik, wato bautar ƙasa, cikin CV a matsayin aiki sosai, da ina ɓoye su can ƙasa.

Aibin wurin: ba janareta, in wuta ta ɗauke sai haƙuri, kuma benci ɗaya ne, maza kan cika shi da hantsi. Ki je da sassafe, ki riƙe kile ɗinki ta USB don ta zuba miki kwafin takardunki.