Draft One na Axon, manhajar da ke rubuta wa ɗan sanda rahoto

Kamfanin Axon dai su ne masu Taser, wato bindigar lantarki, da kyamarar nan da 'yan sandan Amurka ke maƙalawa a ƙirji. A watan Afrilun 2024 suka fito da Draft One, manhaja mai amfani da ƙirƙirarriyar basira (AI), aikinta ta saurari maganar da kyamarar ta ɗauka, cikin 'yan mintuna ta tsara rahoton abin da ya faru, ɗan sanda ya karanta ya gyara ya sa hannu. Gaskiya dabara ce mai jan hankali, kuma sun yi ƙoƙari wajen barin gurabe da sai jami'i ya cike da kansa kafin rahoton ya wuce.

Amma fa murya kawai take ji, ba ta kallon bidiyon. Wato in mutum ya ɗaga hannu sama ya yi shiru manhajar ba ta san an yi ba, in kuma ɗan sanda na ta ihu yana cewa daina gardama alhali mutumin na kwance ƙasa bai motsa ba, to abin da ta ji shi za ta ɗora a kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda sitetimen ɗin caji ofis ke bin mutum har gaban alƙali ya san kalma ɗaya tak tana iya kai shi gidan yari.

Abin da ya fi ci mini rai wallahi shi ne binciken da ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin jama'a a harkar fasahar zamani ta yi a 2025, sun gano a lokacin manhajar ba ta ajiye rubutun farko da ta yi, da zarar jami'i ya kwafe shi shikenan ya ɓace, to lauyan wanda ake tuhuma ta ina zai gane wannan jimlar ta ɗan sanda ce waccan ta na'ura ce? Ranar da aka kama ƙarya a rahoto kowa zai iya cewa ai kwamfuta ce ta rubuta. Hatta saurin da ake tallata ta da shi, an gwada da 'yan sandan Manchester ta jihar New Hampshire ba a ga wani lokaci da ta rage musu ba.

Shi ya sa na ga dacewar abin da ofishin mai gabatar da ƙara na King County, can wajen Siyatil, ya yi a 2024, ya ce kar a kawo masa rahoton da AI ya rubuta. Jihar Yuta ta yi doka a 2025 cewa dole a bayyana in an yi amfani da AI, Kalifoniya ma ta bi sahu har ta ƙara da cewa a adana rubutun farko.

Ni maki biyu cikin biyar na ba ta. Rundunar da ke son saye ta fara rubuta ƙa'ida tukuna, ta hana amfani da ita a manyan laifuka irin kisa da fyaɗe, sannan ta zaunar da jami'anta a koya musu kunna bidiyon su bi rahoton layi layi kafin su sa hannu.